Tambaya da Amsa: Haɗa Fitilar Leza Mai Koren Haske

Tambaya: Malam, ni sabon shiga ne a harkar haɗa kayan lantarki a Bauchi. Zan iya haɗa fitilar leza mai koren haske da kaina?

Amsa: Za ka iya, ɗana, amma ka sayi kan lezar, wato ɓangaren da ke fitar da hasken, a haɗe, domin ƙananan lu'ulu'u biyu da ke cikinsa ne suke mayar da hasken nanomita 808 zuwa kore mai nanomita 532 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta launuka), kuma saita su ya fi ƙarfin ɗan koyo. Naka shi ne jona batir da makunni cikin kwankon tsohuwar tocila. Kada ƙarfinsa ya wuce miliwat 5, kuma ka nemi mai matatar haske, don masu araha sukan fitar da hasken da ido ba ya gani, alhali yana lalata shi. Jirgin sama kuwa, ko da wasa kada ka haska shi.