Tambaya da Amsa: Sa'a ce ke ɗaga ɗan kasuwa ko naci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da wani abokina mun fara sana'a iri ɗaya a lokaci ɗaya, jarinmu kuma bai bambanta da yawa ba. Yau shi ya buɗe rassa, ni kuwa ina nan ina juya abin da na fara da shi, alhali bai fi ni sammako ko daɗewa a bakin aiki ba. Shin in ɗauka rabo ne kawai in haƙura, ko akwai abin da naci zai iya sauyawa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk wanda ya ce maka sa'a ba ta da hannu a kasuwanci bai faɗa maka gaskiya ba. Kamfanin Zoom, mai manhajar yin taro ta bidiyo a intanet, wanda Eric Yuan ya kafa a Amurka a 2011, yana da mahalarta taro kimanin miliyan 10 a rana a Disamban 2019, amma zuwa Afrilun 2020 adadin ya kai miliyan 300, saboda annobar korona ta kulle mutane a gidajensu. Babu wani tsari da mai kamfanin ya yi wanda ya jawo annobar. Sai dai manhajar Skype, ita ma ta kiran bidiyo, ta girmi Zoom, ta kuma fi ta suna a lokacin, annobar ta same su tare, amma jama'a suka fi karkata ga Zoom domin an shafe shekaru ana gyara ta har shiga taro a cikinta ya zama da sauƙi. Damar ta faɗo wa kowa, wanda ya shirya ne ya fi cin moriyarta.

Haka kuma ina yi maka kashedi da labaran masu naci da ake yawan bayarwa. James Dyson na Ingila ya ce ya ƙera samfuri 5,127 kafin na'urarsa ta zuƙe ƙura ta yi aiki yadda yake so, kuma labarin na da daɗin ji. Amma muna jin sa ne domin ya yi nasara, waɗanda suka yi irin wannan naci har jarinsu ya ƙare kuwa babu mai zuwa ya yi hira da su. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kamfanoni ba sa wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara biyar, kuma ba za a ce dukkan masu su ragwaye ne ba.

A ganina amfanin naci shi ne ya tsayar da kai a kasuwa har dama ta same ka a ciki, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ka kare uwar kuɗi, ka raba aljihunka da na sana'a, ka kuma guji zuba duk jarinka a kaya ɗaya, ta yadda asara guda ba za ta fitar da kai gaba ɗaya ba. Imani da ƙaddara bai saɓa wa wannan ba, tunda a hadisi an umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Abin da ya ja hankalina a wasiƙarka shi ne ka auna kanka da abokinka da sammako da daɗewa a bakin aiki kawai. Maimaita abu ɗaya shekara da shekaru ba tare da duba sakamakonsa ba taurin kai ne, ko da an kira shi haƙuri. Tunda abokinka ne, ka same shi da littafinka na shiga da fita, ka tambaye shi inda yake sari, kwana nawa kaya ke yi a hannunsa kafin su fita, wa yake ba bashi kuma yaushe yake karɓa, da kuma nawa yake mayarwa cikin jari daga ribar kowane wata. Idan amsoshinsa sun yi daidai da naka, to ya tarar da wata dama ce da kai ba ka tarar ba tukuna. Idan kuma sun bambanta, ka fara gyara daga wanda ya fi cin kuɗinka.