Tambaya da Amsa: Mene ne "savoir-vivre"?

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, sai malamarmu ta Faransanci ta ce in kula da "savoir-vivre". A tallan aiki kuma ina ganin "savoir-faire". Abu ɗaya ne? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ɗana. Savoir-faire gwanintar aiki ce, irin ta tela ko makanike. Turawan Ingila ne suka ari kalmar suka karkata ta zuwa iya hulɗa da jama'a, daga nan ruɗanin ya taso. Abin da malamarka take nufi shi ne sanin ya kamata. Da wuya a yabi mutum da kalmar savoir-vivre a gabansa. An fi jin ta wajen zargi: "il manque de savoir-vivre", wato ba shi da tarbiyya. Magana ce mai zafi, kada ka yi wasa da ita.

Tun 1889 wata marubuciya 'yar Faransa, Baronne Staffe, ta tattara waɗannan ƙa'idoji a littafinta Usages du monde. Yawancinsu sun tsufa, amma kaɗan na nan daram. Ka shiga shagon burodi ka ce "a ba ni baguette" ba tare da "bonjour, madame" ba, za ka ga fuskar matar ta murtuke nan take. Wannan ba zai ba ka wahala ba, tunda gaisuwa a jininmu take, sai dai tasu gajera ce: ba a tambayar gida da iyali. Malami, likita da duk wanda ya girme ka, "vous" (wato "ku" na girmamawa) za ka ce masa har sai shi da kansa ya ba ka izinin "tu" (wato "kai" na sabo).

Inda baƙi suka fi tuntuɓe shi ne cin abincin dare a gidan mutum. In an ce ƙarfe 8, ka isa da kamar minti 10 ko 15 a kai, don uwargida ta gama shiri. Aji da ganawar aiki kuwa ba sa ɗaukar wannan uzuri. Hannuwanka su kasance a kan tebur, kada ka soma ci kafin uwargida. In za ka kai fure, ka guji chrysanthème, domin shi ake kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba. Maganar naman alade da giya kuma ka faɗa tun ranar gayyata, kada sai an zuba maka a faranti.