Bindigar da Baba ya bari: idan na miƙa ta, ina za ta ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mahaifinmu ya rasu makon jiya a Agege, bayan ya shekara talatin yana gadi. Da muka buɗe akwatinsa sai muka tarar da bindiga mai baki biyu da harsasai da lasisinta. Ina so in kai wa 'yan sanda, amma ina tsoron a riƙe ni, ina kuma tsoron kada gobe ta koma hannun 'yan fashi. Me suke yi da bindigar da aka miƙa musu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ɗan'uwa, lasisin bindiga ba a gadonsa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta ba magaji kwana 14 kacal bayan rasuwar mai lasisi ya riƙe bindigar, shi ma idan lasisin na da rai. Daga nan kai mai riƙe da makami ne ba izini, dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyu. Saboda haka kwanakinka sun fara tafiya.

Amma don Allah kada ka naɗe ta a buhu ka hau danfo. Idan aka tare motar a hanya, ba wanda zai tsaya jin cewa ofishin 'yan sanda ka nufa. Kada kuma ka ce za ka buɗe ta ka ga ko da harsashi a ciki. Ka mayar da akwatin ka kulle, ka hana yara shiga ɗakin. Ka rubuta wa DPO na yankinku takarda, kwafi biyu, ka tafi hannu rabbana tare da lauya ko wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa, da takardar shaidar rasuwa da lasisin. Su za su zo su ɗauka. Idan sun zo, ka tsaya a kansu har a rubuta irin bindigar, da lambar da ke jikin ƙarfenta, da adadin harsasan ɗaya bayan ɗaya, a buga hatimi a kwafinka, mai karɓa ya sa sunansa da lambarsa. Na sha ganin mutane sun miƙa abu suna jin kunyar neman shaida, wai kada a ce sun raina hukuma. Wannan kunyar ba wurinta ba ne.

Daga nan bindigar za ta shiga rajista, a kai ta ma'ajiyar makamai, a duba lambarta ko an taɓa ba da rahoton ɓatanta ko an yi ɓarna da ita. Idan ta shafi wata shari'a, ta zama kayan shaida, ba mai taɓa ta sai kotu ta gama ta ba da umarni, abin da kan ɗauki shekaru. Idan ba ta da wani tabo, tana iya bin sahun waɗanda za a lalata.

Lalatawar ba a ofishin unguwa ake yin ta ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka sa hannu a dokarta a 2024. Can 'yan sanda da sojoji da kwastan ke miƙa abin da suka tara. A watan Oktoba na 2024 cibiyar ta lalata makamai sama da 2,400 a barikin soja na Giri da ke Abuja. Yadda aka saba lalata makamai kuwa, akan sake duba lambar kowace bindiga, a yanka bakinta da uwar jikinta da injin yanka ƙarfe ko wutar walda, ƙotar katako ta ci wuta, guntayen su tafi narkawa. Yankan uwar jikin shi ne muhimmi, domin maƙeri gwani na iya yi wa bindiga sabon baki. Harsasai daban ake yi da su, masu kwance bam ne ke ƙone su nesa da gari.

Tsoronka na biyu kuwa, ba zan ce maka babu dalili ba. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba zuwa ƙarshen 2018, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Wannan lissafi yana ci mini rai, don kowace ɗaya ran wani take iya ɗauka. Shi ya sa nake nanata maganar takarda. Bindigar da aka karɓa da baki ita ce ke da sauƙin sulalewa. Wadda aka rubuta lambarta, kwafi yana hannunka, akwai wanda za a tambaya idan ta yi ƙafa.

Ka ƙara da aika kwafin takardar da aka buga wa hatimi zuwa ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda a Ikeja, ka karɓi shaidar isarta. Asalin kuma ka adana shi tare da takardun gadon Baba, ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa ɗaya daga cikin 'yan'uwanka.