Habla ko hable? Ka fara daga "ina so ka zo"

Ɗan'uwa, ka ce ka haddace jadawalin subjuntivo na Sifaniyanci, wato sigar aikatau ta so da fata da umarni, amma da ka buɗe baki sai ka rasa ko habla za ka ce ko hable. Ni ma haka na yi ta fama a shekarata ta farko a garin Almeriya na Sifaniya, har ranar da mura ta kwantar da ni, matar da nake haya a gidanta ta ce min "que te mejores". Ashe "Allah ya ƙara sauƙi" take nufi. Nan na gane cewa mu ma muna da abin a bakinmu.

Faɗi "ya zo jiya", sannan ka faɗi "ina so ya zo". A rubuce ɗaya ne, amma kunnenka ya san na farko dogo ne, na biyu gajere da murya ƙasa. To na biyun nan shi ne subjuntivo ɗinmu: abin bai faru ba, so ake, ko fata, ko umarni.

Ginin ba wuya. Ɗauki sigar "ni" ta yanzu, hablo (ina magana), como (ina ci), vivo (ina zama), ka cire o, sai ka yi musanyar wasali. Aikatau masu ƙarewa da ar, kamar hablar, su koma e: hable, hables, hable, hablemos, habléis, hablen. Masu er da ir, kamar comer da vivir, su koma a: coma, comas, coma, comamos, comáis, coman, haka viva, vivas. Sai ɗan gyaran rubutu don sauti ya tsaya yadda yake: buscar ya zama busque, llegar ya zama llegue, cruzar ya zama cruce. Ka kuma kula da inda kake danna murya, don hablé mai alama a ƙarshe "na yi magana" ne, labarin da ya wuce.

Wajen amfani, Hausa za ta kai ka nesa. Quiero que estudies, ina so ka yi karatu. Para que comas, don ka ci. No hables, kada ka yi magana. Ojalá kuwa daga Larabcin Andalus ta fito, har da sunan Allah a cikinta, kuma bayanta kullum subjuntivo ne: ojalá ganemos, Allah ya sa mu yi nasara.

Amma akwai inda za ta yashe ka, kuma nan na fi shan dariya a wajen aiki. Mu muna cewa "ina so in ci", sai na riƙa cewa quiero que coma. Su kuwa abin da suke ji shi ne ina so wani ya ci! In mai so da mai aikatawa mutum ɗaya ne, quiero comer kawai. Sai cuando: muna cewa "idan ka iso ka kira ni", kamar ka riga ka iso, su kuma cuando llegues suke cewa tunda isowar tana gaba. Cuando llegas na abin da aka saba ne kullum. Haka creo que trabaja, ina jin yana aiki, amma da ka ce ba ka jin yana aiki sai ya juya: no creo que trabaje.

Ni abin da ya zaunar min da shi gaisuwar rabuwa ce. Kowane dare in za mu tashi, sai in ce wa abokin aikina que descanses, a huta gajiya, shi ma ya mayar min. Gwada da mutum ɗaya yau, gobe ka ƙara que te mejores in ka samu mara lafiya.