Amsa: mene ne wave, kuma daga ina ta fito?

Malam, ka tambayi ma'anar kalmar Ingilishi wave da asalinta. In suna ce, igiyar ruwa ake nufi. Daga nan aka aro ta ga sauti da haske, har da annoba in ta lafa ta sake tasowa, kamar korona a 2020. In aikatau ce, ɗaga hannu ne a kaɗa, ko tuta ta riƙa kaɗawa a iska.

Aikatau ɗin ya fi tsufa, daga tsohon Ingilishi wafian. Sunan kuwa sai a ƙarni na 16 ya kankama.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne waive. Furucinsu ɗaya sak, amma ita yafe haƙƙi take nufi, kamar makaranta ta yafe wa ɗalibi kuɗin rajista. Wajen furtawa kuma, ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa a ƙarshe, in ba haka ba web za a ji.