Amsa ga ƙaninmu mai son binciken amfanin gona da yanayi

Salam. Ƙanina wallahi da na ga tambayarka sai na ji kamar ni na rubuto ta, wai ka gama lisans, wato digirin farko, a Marwa ta Kamaru kana so ka shiga binciken yadda dawa da gero suke jure zafi da ƙarancin ruwa, a gida kuma ana cewa duk karatun nan ƙarshenta gona za ka koma. Kawuna ma haka ya ce min, har yau in ya gan ni da taɓo a ƙafa dariya yake.

Aikin akwai daɗi kam. Dubi muskuwari kawai, dawar rani ke nan, a dasa shi a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, wajen Oktoba ruwa ya ɗauke, ba zai sake ganin ɗigo ba amma ya kai girbi a Fabrairu da laimar da laka ta riƙe. Ko dawar iyayenmu mai bin tsawon rana, ka shuka da wuri ko a makare kusan lokaci ɗaya take fid da kai. Irin dawar nan S35 kuwa da ta yi suna lokacin fari na 1984 saboda saurin nuna, saurin nan ne ya sa tsuntsaye suke fara sauka a kanta, shi ya sa kar ka raina manomi in ya ƙi iri.

Amma ka kula da wanda zai duba aikinka, nan aka cuce ni. Damina biyu na yi a gonar gwaji, kullum da asuba a kan moto, man ma daga aljihuna, ina karanta ma'aunin ruwan sama ina ƙirga kwanakin fid da kai layi-layi, zazzaɓi ya kwantar da ni a Agusta na tashi na koma, awaki suka shiga suka cinye min layi huɗu na zauna a bakin gona kamar in yi kuka. Malamin da ke duba aikina sau biyu kacal ya taka gonar, na biyun ma bai fito daga mota ba. Ya ce kawo littafinka in duba. Ni da ladabi na miƙa da hannu biyu! Bayan shekara abokina ya turo min takardar da aka buga, lissafina ne tsaf, har kuskuren da na yi a shafi ɗaya yana nan, sunana babu. Da na je sai ya ce ai ɗalibi koyo yake. Na bar shi da Allah, amma har yanzu in na tuna abinci ba ya shiga.

Don haka kowace yamma ka ɗauki hoton littafinka ka tura wa kanka ta imel. Ka koyi R, manhajar lissafin bayanai, tun yanzu, da Ingilishi, Faransanci kaɗai ba zai kai ka ba. Ka riƙa leƙa sanarwar AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, ka nemi staj, wato koyon aiki, a IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, nan Marwa ko Garwa ko da ba biya. Kuma damina ɗaya ce a shekara fa, in ambaliya irin ta 2022 ta cinye gwajinka sai baɗi.

Kuɗi ba yawa a farko, kar in yaudare ka. Ka yi min magana ta gefe in turo maka fom ɗin da nake cika bayanan gona a ciki.