Daga Damagaram zuwa Jidda: awa nawa Hajiya za ta yi a sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin unguwar Birni ne a Damagaram. Mahaifiyata za ta tafi Umra ta Yamai. Tikiti ya nuna za su tashi ƙarfe 10 na dare, su sauka Jidda 5 na asuba, awa 7 ke nan, amma dawowa awa 3 da ɗan abu ne. Ta tsufa, ina jin tsoron zaman. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibada. Ka kwantar da hankalinka, duka biyun ba su ne tsawon zaman ba. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, tikiti kuwa yana rubuta kowace sa'a da agogon garin da take. Ƙarfe 5 na Jidda, ƙarfe 3 ne a Nijar. Zuwa ka cire 2, dawowa ka ƙara 2, sai ka ga wajen awa 5 ne kowace tafiya.

Lissafin ma ya yi daidai. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 4,000 ne kai tsaye, babban jirgi kuma yana cin wajen kilomita 850 a awa. Hanyar ta sararin Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kamfanoni da yawa suna kewaye sararinta, don haka kada ka tayar da hankali in sun ɗan makara.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasa, ba sama ba. Damagaram ta fi Yamai kusa da Jidda, kilomita 3,300 ne kawai daga nan. Wato Hajiya za ta fara komawa yamma, wajen kilomita 900 a mota ta Maraɗi da Dosso, sannan jirgi ya sake dawo da ita gabas tana bisa gajimare. Wannan wuni guda na kan kwalta shi ke kumbura ƙafar tsoho. Ku ba ta kwana biyu ta huta a Yamai kafin ranar tashi.

Ka roƙa mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, ta sha ruwa. Maganinta ya zauna cikin jakar hannu. Ta yi wankan harami tun a masauki, domin a sama za su daidaita da miƙati kafin sauka. Kuma ka gaya mata asuba za ta riske su da wuri, tunda gabas suka nufa.